Takardar da Ba Ta Ƙone Ba

Samfya, 20 ga Agusta, 1961

Zuwa ga Yayana Kapambwe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Kitwe. Allah ya tsare ka a cikin ramin tagullar nan, ya riƙa fito da kai lafiya. Mu nan da sauƙi. Kumburin ƙafar Mama ya sace, rogo ya yi kyau, ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ka san babban wanmu Chisenga, tun da ya ajiye alli ya karɓi shugabancin jam'iyya a yankinmu ba shi da zance sai 'yancin kai. Ranar Lahadi waccan ya tara jama'a a bakin tafki, ya ce duk namijin da ke yawo da chitupa, takardar shaidar da Turawa suka ɗora wa maza, akuya ce da igiya a wuya. Shi ya fara jefa tasa a wuta, maza sama da arba'in suka bi. Har tsoho Lubumbe masunci ya yi ta tsalle yana cewa yau ya saki gwamnati, ta zo ta kwashe kayanta. Bayan kwana uku sojoji suka iso, duk wanda bai nuna takarda ba sai cikin mota. Sun tafi da mutum ashirin da bakwai, har da Lubumbe. Chisenga ya shige fadama wajen masunta, Di'o kuwa, Baturen mulkin yankinmu, ya aiko cewa in ya fito ya nuna takardarsa a bainar jama'a za a yafe masa.

Ga abin da ya hana ni sakat. Shekaranjiya Mama ta tona tukunyar garin rogo ta fito da takardar Chisenga, ko ƙwarzane babu. Ashe kafin taron ta musanya masa da ta marigayi Baba, shi kuwa da zafin kansa bai ko buɗe ba. Ta ce ita ba ƙasa ta haifa ba, ɗa ta haifa, in hau kwalekwale in kai masa. Na ce mata in matan waɗanda aka kama suka ji tasa ba ta ƙone ba, wa zai yarda bai sani ba? Ta ce gara su zage shi da ransa da su yabe shi a kabari.

Yaya, tsoro nake ji, gaba kura baya siyaki. In na kai masa, na kashe sunansa, wataƙila har da tafiyar baki ɗaya. In na ƙona ta aka harbe shi a fadama, da wane ido zan dubi Mama?

Ka gaida matarka Bupe, da Kaluba da ƙaramin Musonda. Takardar tana cikin wannan ambulan, na ba Mpundu mai fataucin kifi hannu da hannu, ranar Juma'a zai juyo. Ko ka dawo da ita, ko ka sa mata ashana, kai ne babba yanzu. Mama dai tana zaton na riga na kai, tun safe take sharar ɗakin Chisenga.

Taka ƙanwa,
Chibale