Kawu Ya Huda Rufin Motarka

Yaya Bishir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan kowa lafiya, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Motarka da ka bar wa Kawu Sale ce ba lafiya. Wai kariyar masu walda ta yi tsada, shi ne ya fiddo tsohon gadon ƙarfen Kaka ya aza bisa rufin. Na ce a ɗaure da igiyar roba kawai, ya ce, "Rufe mani baki, ɗan nema!" Sai ya sa aka huda rufin aka ɗaura noti.

Shekaranjiya ruwa ya tare mu a Ƙofar Kwaya. Wallahi Yaya, cikin mota na riƙe ma Kawu lema yana tuƙi! Na faɗa ma Baba, ya ce shaƙiyancina ne na saba.

Yanzu wai gadon na girgiza, zai ƙara huji. Don Allah ka kira shi, ni ba mai yarda da ni.

Gaishe da Anti. A sa mu addu'a, motar ma a sa ta.

Ƙanenka,
Lawwali