Wasiƙar da Graciete Ba Ta Karanta Mini Ba

Vilarinho, 13 ga Maris, 1977

Zuwa ga yayata Ermelinda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya hana mu shuka dankali. Ki yi haƙuri da rubutun, shekarata biyu kacal da fara riƙe alƙalami, kuma wannan karon ba na so 'yata Graciete ta rubuta mini.

Kin san ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa da Malam Tibério ya kafa a zauren taron gari. Tsarinsa shi ne yaran su rubuta wasan da kansu. Ya ce kada wani ya kawo masa labarin sarakuna, kowa ya rubuta abin da ke cikin gidansu. Na Graciete aka zaɓa, ranar Ista za su nuna. Amma ba ya barin kowa ya hau dandamali sai uwa ko uba sun karanta sun sa hannu. Ta ajiye mini shafi talatin, ta ce, "Mama, ki sa hannu kawai, in kika ce sai kin karanta za mu kai Kirsimeti." Na yi dariya, amma na lura ba ta kalle ni ba.

Shafi uku nake karantawa a rana, a wurin kiwon awaki. Labarin wata mata ce da mijinta ya tafi Faransa aikin gini, ba ta iya karatu ba, 'yarta ke karanta mata wasiƙunsa. Yaya, har tsagewar murhunmu tana ciki. Jiya na kai inda yarinyar ta buɗe wata wasiƙa, ta karanta wa uwar abin da babu shi a takardar. Tun lokacin abinci ya ƙi shiga.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Deolinda


Vilarinho, 27 ga Maris

Yaya Ermelinda,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kin samu sauƙi.

Na buɗe gwangwanin da nake ajiye wasiƙun mijina Albano. Ban taɓa komawa kansu ba tunda na koyi karatu, don na zaci na haddace su. Na samu ta watan Nuwamba, 1971. Ya ce yana da wata mata a birnin Lyon na Faransa, ta haifa masa ɗa, kada in jira shi. Sau huɗu na bi ta da yatsa ko ni ce na kasa haɗa baƙaƙen.

Na tuna ranar. Graciete tana shekara goma sha ɗaya, tana tsaye bakin taga da takardar nan, ta ce, "Baba ya ce yana nan zuwa a watan Agusta." Shekara biyar ina shafa wa gida farar ƙasa duk Agusta don tarbarsa, ita ke riƙe mini bokiti.

Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne a ƙarshen wasan yarinyar za ta karanta wasiƙar gaskiya, a gaban duk gari. Maƙwabciyarmu Perpétua ta riga ta fara. A wurin wanki ta ce, "Deolinda, an ce ranar Ista za mu ga cikin gidanki ba sai mun leƙa ta taga ba. To, an hutar da wuyanmu!"

Na tafi zauren da niyyar in ce wa malamin ban yarda ba. Na tarar suna gwaji, na tsaya a bakin ƙofa. Graciete da kanta take fitowa a matsayin yarinyar. Da ta zo kan wasiƙar sai ta naɗe ta ta sauka. Malam Tibério ya ce mini bai taɓa jin ta kai ƙarshe ba, kullum sai ta ce a bari sai ranar. Da na ji haka sai na fasa, na sa hannu na dawo. Ban faɗa mata na karanta ba. Muna cin miyar kabeji a tebur ɗaya kamar baƙi.

Taki,
Deolinda


Vilarinho, 11 ga Afrilu

Yayata,

Barka da Ista, ina fatan kun yi biki lafiya.

Jiya bayan coci zauren ya cika har ana zama a tagogi. Na zauna a layi na uku, Perpétua a bayana tana huci a wuyana. Da farko an yi ta dariya, don yarinyar da ta fito a matsayina ta iya tafiyata sosai. Daga baya dariyar ta ɗauke, mutane suka fara juyowa suna kallona.

Sai aka zo wurin. Graciete ta zaro takarda daga aljihu, na gane ta, ita ce ta cikin gwangwani. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Malamin yana raɗa mata layin daga bayan labule, ba ta ji. Wani daga baya ya ce, "To, baban ya mutu ne?" Ita kuwa ni kaɗai take kallo, fuskarta irin ta ranar nan a bakin taga.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Karanta, 'yar nan. Ni na riga na karanta da kaina."

Ta karanta har sa hannunsa. Ban zauna ba sai da ta gama.

Yau da safe ta tambaye ni ko ina fushi da ita. Na ce mata ina fushi da wanda ya san ban iya karatu ba, ya san wanda zai buɗe takardar, ya kuma aiko ta. Shi zan rubuta wa bayan na rufe wannan. Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Deolinda