Makullin Motarka a Teburin Karta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Ikko, ya kasuwa, ya ciwon ƙafar nan? Nan Matameye kowa lafiya, Baba ma ya ji sauƙi.

Ranar Asabar ƙanenmu Habu ya ɗauke ni a motarka muka je Damagaram gaida Gwaggo. Muna isa ya ce zai leƙa garaji. Shiru har la'asar, wayarsa a kashe. Wani ɗan kabu-kabu ne ya ce ya ga motar a ƙofar wani otel. Can na same shi ana gasar karta, makullin motarka a tsakiyar tebur. Na ce, "Habu, tashi mu tafi." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ladi, in na tashi yanzu a ƙafa za mu koma gida."

Yaya, shi ya ci, kuma abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya sayo wa Baba rago, Baba na ta sa masa albarka, bai san da kuɗin caca aka sayo shi ba. Habu ya ce Asabar mai zuwa zai koma.

Don Allah ka kira shi kafin Juma'a. Ka sa mu a addu'a, ka gaida su Malam Isa.

Ƙanwarka,
Ladi