Wace Giyar Kuke Nufi?

Zuwa ga Babban Manajan Kasuwanci,
Kamfanin da ke kawo mana 'yar kwalbar nan mai jan murfi da ake ɗiga wa fetur.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ina fatan kasuwa tana tafiya yadda ake so. Sunana Sama'ila. Idan ka shigo kasuwar Ƙanƙara ka tambayi Sama'ila, za a nuna maka mutum goma, amma ka ce Mai Fulogi, a kawo ka har gaban teburina. Kayan babur nake sayarwa da na injin ban ruwa: fulogi, tiyo, ringi, kafireta, baƙin mai. Ranar kasuwar Faskari ina can, ranar ta Sabuwa ma ina can. Bokona a sakandare ya tsaya, sauran karatun a bakin tebur na yi shi. Na aika wa ofishinku takarda sau biyu ta hannun wakilinku, shiru. Na buga lambar da ke bayan kwalba, wata murya mai daɗi ta ce in ɗan jira, na jira har katina ya ƙare. Shi ya sa na kawo maganar fili, ko wani da ya san ka zai karanta ya kai maka.

Na ɗaya, zan fara da abin da zai yi maka daɗi, domin ni ɗan kasuwa ne, ba na kushe kaya mai kyau ko na abokin gaba ne. Maganinku yana aiki. Lokacin da wakilinku ya zo min da shi, ya yi bayani cewa wani fetur ɗin na yanzu ana gauraya shi da sinadarin etanol, wanda yake jawo laima ya tara ruwa a gindin tanki, ya tauna tiyo, ya bar farin ƙanzo a kafireta, musamman idan man ya daɗe a ajiye. Ni ba ni da na'urar auna fetur, ban san wane mai ne ke da shi wane ne babu ba. Amma alamomin da ya lissafa na san su kafin in san sunansu. Duk shekara, da an fara noman rani, masu injin ban ruwa suke layi wurina da kafireta a hannu, a toshe, ga tiyo ya yi laushi kamar an dafa shi. Sai na gwada. Ina da inji biyu da nake bayarwa haya a fadama. Da damina ta kama na ajiye su da ragowar mai a tanki, ɗaya na ɗiga masa maganinku, ɗaya na bar shi. Bayan kaka, mai magani ya tashi a ja na biyu. Ɗan'uwansa sai da bakanike ya kwance shi ya wanke. Daga ranar nake yabon kwalbarku da bakina, kuma bakina a waɗannan kasuwanni uku yana da ɗan nauyi.

Na biyu, ga inda aka samu matsala. Bayanin da ke bayan kwalbar da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe waɗanda ni ma sai na ari tabarau. Kun lura mutanenmu ba sa karantawa, sai kuka yi mana gata, kuka liƙa takardar Hausa a gaba. Wani a ofishinku ya tambaya mene ne etanol da Hausa, aka ce masa ai dangin giya ne, shi ke nan ya rubuta da manyan baƙaƙe: MAGANIN GIYA. ZUBA KA HUTA. A ƙasan rubutun kuma ga hoton ƙarafa biyu masu haƙora suna cizon juna. Kuka haɗa mu da 'yar lasifika mai batir tana maimaita haka daga safe har la'asar.

Ranka ya daɗe, ban san garin da mai fassararku ya tashi ba. A nan giya biyu ce. Akwai ta sha, wadda mutumin kirki ba ya ambata a gaban surukinsa, akwai ta babur da mota, wadda ake takawa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A baki muna ɗan jan ta babur, mu gajarta ɗayar. A rubuce kamar tagwaye suke, lasifikarku kuma da batir ya yi sanyi ba ta jan komai. To, ka ɗauki manomi Musulmi da ya zo gaban teburin mai kayan babur, ya ji ana kiran maganin giya, ya ga hoton haƙoran ƙarfe. Wace giyar ce za ta zo masa a rai? Ba a ce tanki ba. Ba a ce fetur ba. An ce zuba, ba a ce ina ba.

Na uku, Malam Haruna. Manomi ne a Damari, dattijo, mai masara da dawa da 'yan tumaki. Tun ina shimfiɗa kaya a buhu a ƙasa yake saye wurina, kuma duk wanda ya yi sabon babur a unguwarsu shi yake rako shi ya ce wurin wannan za ka riƙa saye, ba ya ba da jabu. Da kakar da ta wuce ya zo kasuwar Sabuwa ya ce in ba shi maganin giyar nan guda biyu. Na miƙa masa. Na tambaye shi ko ya san yadda ake zubawa, ya ce ai tun daga bakin kasuwa yake jin bayani a lasifika. Mutane sun cika gabana, na bar maganar a nan. Ashe giyar babur ɗinsa ce ta fara tauri. Ya koma gida, ya kwance ƙusar ƙasan inji ya rage baƙin mai don magani ya samu wuri, ya juye kwalba biyu cif ta inda ake zuba baƙin man. Ka san babur irin namu, mai ɗaya ne yake shayar da inji da giya da kuloci. Man ya tsinke ya koma ruwa-ruwa. Washegari ya ɗaura buhu biyu na masara ya kama hanya. Bai ci rabin tafiya ba inji ya yi zafi ya ƙame, babur ya tsaya cak. Ba sai na yi maka dogon bayani a kan hanyoyinmu ba. Mutumin da babur ya mace masa tsakanin ƙauye da ƙauye ba asarar inji kaɗai yake tunani ba. Ya sauke buhunan a gonar wani, ya turo babur da ƙafa har gari, da shekarunsa.

Kasuwa ta zagayo, sai ga shi. Ya yi sallama, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, sannan ya ajiye kwalaben biyu a kan teburina a hankali, ya ce ga kayanka, ko za su yi maka amfani. Bai ɗaga murya ba. Ya tsallaka layi ya sayi fulogi a teburin maƙwabcina, fulogin da na san ba zai yi wata guda ba. Da zagina ya yi, da na samu abin mayarwa, don baki ba ya yi min wuya.

Na huɗu, kuma wannan shi ya fi tayar min da hankali. A kasuwar Faskari wani tsoho ya tsaya gefe har mutane suka ragu, ya matso ya rage murya, ya tambaye ni cokali nawa ake ba mutum, kuma a koko ake sawa ko a ruwa. Ɗan ƙaninsa ne ya koyo shaye-shaye a birni, ya ji muna da maganin giya. Kuɗinsa na hannunsa. Allah ya sa ya tambaya. Ranar na kashe lasifikarku, na cire batir ɗin na sa a tocila. A Pauwa kuma waɗanda suka gane giyar da kuke nufi sun kai wa liman tambaya, ko ana salla da rigar da fetur mai giya a ciki ya fallatsa wa. Kalma ɗaya, fahimta uku, kuma babu wadda ta kai mutum bakin tanki.

Na biyar, rabona na laifi. Ba zan ɓoye shi ba, don idan na ɓoye wakilinku zai tono. Na ga takardar tun ranar farko, na yi dariya, na ce masa wannan sunan zai jawo magana. Ya ce ai magana ita ce talla. Na ga kaya yana tafiya, na yi shiru. Kuma ni ne na miƙa wa Malam Haruna kwalba biyu ban tsaya na nuna masa tanki da yatsa ba. Na karɓi wannan. Amma ni ban rubuta takarda ba, ban zana haƙoran ƙarfe ba, ban ɗauki murya ba. Duk da haka, ku kuna ofis da sanyin fanka, ni ne a rana, kuma ni aka sauya wa suna. 'Yan acaɓar Sabuwa suka fara da wasa, yanzu daga Damari har Ƙanƙara Sama'ila Mai Giya ake cewa. Waɗanda suka san labarin dariya suke yi. Baƙon da ya sauka daga mota ya ji ana kwatance da teburin Mai Giya bai san labari ba, kuma ba zai tambaya ba. Rannan a wurin ɗaurin aure wani da ban taɓa gani ba ya riƙe hannuna ya yi min nasiha mai tsawo a kan tsoron Allah. Na saurara har ƙarshe, na ce na gode. Me zan ce masa, in fara daga etanol?

Na je Damari da kaina da fistin da ringi da faifan kuloci, na ce wa Malam Haruna a gyara a kaina. Ya sa aka kawo min fura, ya ƙi karɓar kayan. Ya ce shi bai ce ni na zuba ba, idan ya karɓa daga hannuna ya zama ya tuhume ni ke nan. Na ce to wa zai karɓa daga hannunsa? Ya ce wanda ya rubuta. Babur ɗin yana nan jingine a zauren bakanike, shi kuma masararsa a amalanken haya take zuwa kasuwa.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A cire wannan takarda daga duk kwalbar da ta rage, a nan da sauran garuruwa. A rubuta: Maganin fetur, a tanki ake zubawa, murfi kaza ga lita kaza, ba a sha, ba a haɗa shi da baƙin mai. A zana tankin babur a buɗe da hannu yana ɗigawa. Idan sai kun ambaci etanol, ku ce etanol, mutanenmu sun koyi kafireta da fulogi ba wanda ya fassara musu, wannan ma za su koya. Kafin ku buga, ku karanta wa bakanike ɗaya da manomi ɗaya da tsohuwa ɗaya, ku tambaye su me suka ji. Wannan shawarar kyauta na ba ku.

Sannan kamfani ya gyara babur ɗin Malam Haruna, da sunan kamfani, ba da nawa ba.

Na ƙarshe, ba takardar ban haƙuri nake so ba, don mutanen da suka ji lasifika ba su ne masu karanta takarda ba. Ku turo wakilinku kafin a fara ban ruwan bana, lokacin da manoma suka fi bukatar maganin nan. Ya tsaya gefena a kasuwar Sabuwa, ya riƙe lasifikar da hannunsa, ya ce kalmar tasu ce, kuskuren nasu ne. Katan-katan ɗinku suna nan a ƙarƙashin gadona, ban sayar ba, ban mayar ba, kuma masu injin ban ruwa sun fara tambaya. Ranar da ya zo, ranar za su koma kan tebur. Ban rubuta sunan kamfaninku a wannan wasiƙa ba, wannan rangwame ne irin na tsohon abokin ciniki. Rangwame kuwa, ka fi ni sani, yana da lokaci.

Ka ce wa wakilin naku ya zo da takalmin da ba ya jin tausayinsa. Daga kasuwa Damari za mu wuce, mu yi sallama a ƙofar Malam Haruna. Ni zan fara magana, don nawa laifin ya fi kusa, shi ya biyo baya.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ka da iyalinka, ya haɗa ka da ma'aikata masu tambaya kafin su rubuta. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a garuruwanmu, amin.

Wassalam.

Naka,
Sama'ila Mai Fulogi,
Ƙanƙara.