Harshena Ya Mutu, Ga Yankan Inabi Ya Matso

Anti Dolfina, ki taimake ni don Allah, abin nan ya tsaya min a wuya. Ni ban yi makaranta ba, matar fastonmu ce ke rubuta min, ta kuma rantse ba mai jin sunana a bakinta.

Shekaruna saba'in da bakwai, ko da takwas, takardar haihuwar ta ɓace. A gonar inabin nan aka haife ni, wajen garin Tulbagh, can yankin Cape Town, a gindin dutse. Uwata a nan, kakata a nan. A da, gidajen ma'aikata goma sha ɗaya ne a layinmu, in an tashi aiki ga hayaƙi, ga yara, ga faɗa, ga waƙa. Yanzu goma an shafa musu farin fenti an rataya labule, baƙi 'yan yawon buɗe ido ke kwana a ciki. Ni kaɗai na rage a na ƙarshe. Baƙin kan ɗaga min hannu, wani ma ya ɗauki hotona ina shanya, bai ko tambayi sunana ba. Mijina Jafta ya shekara ashirin a ƙasa. Giyar da ake auna musu a gwangwani bayan aiki, a zamanin da, ita ta cinye masa hanta, shi ya sa ni ko ɗigo ban taɓa kai wa bakina ba. 'Yata tana Cape Town, sai Kirsimeti nake ganinta, shi ma ba kowanne ba.

Abin da Allah ya ba ni harshe ne. Akwai wani tsohon fili bayan maƙabartarmu, kakan masu gonar ya dasa itatuwansa. Daga nan suke yin giyarsu mai daraja, ganga shida kacal a shekara, da ita aka san gidan. Tun ina da ƙuruciyata ni ke faɗin ranar yankan inabin. In tauna ƙwaya, in murza ɓawon a dasashi, in fasa ƙwallon ciki, in ce saura kwana kaza. Tsohon maigida Tertius yakan ce wa masu tallar injuna, "Ku tafi da kayanku, ina da bakin matar Jafta."

Da ya rasu sai 'yarsa Marlise ta karɓa, ita da ƙanenta Ruan. Yarinyar nan a bayana ta girma. Duk Fabrairu, kullum da sassafe, sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa da shayi a flas da burodi, ta ce, "Ouma," wato kaka a yarensu, "tashi mu je gulmar inabi." Mu bi layi-layi tana riƙe da hannuna, tana tsokanata wai na fi itatuwan tsufa, ni kuma in ce aƙalla ni ba a ɗaure ni da waya kamar su ba. Sati uku ke nan a shekara. Sauran watannin daga ni sai rediyo.

To, shekara ɗaya da rabi ke nan, a sanyin Yuli, na yi wata mura mai tsanani. Na tashi, harshe bai tashi ba. Sukari da gishiri duk ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Bara da Marlise ta zo, na tauna inabin, kamar ruwa a leda. Na lumshe ido yadda na saba, na gyaɗa kai. Ruan ya leƙa ɗan ƙarfensa mai gilashi na auna zaƙin inabi ya ce a yanka Litinin. Ni na ce Juma'a. Anti, ba don na ji komai ba. Don in ƙara kwana huɗu na yawon safen nan ne, Allah na gani. Ranar Laraba rana ta buɗe kamar tanda, inabin ya yamutse, ganga shida ta koma huɗu. Marlise ta ɗora wa zafi laifi, har ta tsaya min a gaban ƙanenta, shi da dama yake cewa a tuge tsoffin itatuwan a huta.

Yanzu Janairu ya raba. In na faɗa, wa zai ƙara taɓa ƙofata? Gidan ma, ba su rasa labulen da za su rataya masa ba. In na yi shiru, in ƙara ɓata wa yarinyar shekara, wataƙila har itatuwan su tafi. Ya zan yi?

Tsohuwar gidan ƙarshe


Ouma,

Ki faɗa mata, kuma a wannan satin. Duka za ki faɗa, har da maganar kwana huɗun, don ita ce ke hana ki sukuni, ba murar ba.

Ki shirya, mai yiwuwa ranta ya ɓaci, kuma tana da gaskiya. Da maganarki ta tsaya a gaban ƙanenta, bana ma da ita za ta tsaya, ga makomar itatuwan kakanta a kai. Kada ki nemi ta yafe miki nan take. Amma ban ga mugunta a wasiƙarki ba, kaɗaici na gani. Gidan da ke tuna matar da ta goya su sati uku kawai a shekara, su ma akwai nasu laifin a ciki, kuma ya kamata Marlise ta ji wannan daga bakinki.

Kina magana kamar duk saninki a harshe yake. Idonki fa? Ba ki san launin ƙwallon da ya nuna ba? Yatsunki ba su san laushin ɓawo ba? Bana ita ta tauna, ta faɗa miki abin da ta ji, ke ki duba ki gyara mata, Ruan kuma ya leƙa ƙarfensa, ba abokin gabanki ba ne. Abin da kika tara a shekara hamsin ba ya koyuwa a sati uku. In tana son ya tsira a gidan, dole ta zo a lokacin sassabe, ta zo a lokacin toho, ta zo har cikin sanyi.

Ki je asibiti a duba harshen, wani lokaci ɗanɗano kan dawo. Batun gida kuma, doka ba ta bar tsofaffin da suka daɗe a gona haka kawai ba. Matar fasto ta raka ki ofishin da ke ba da shawarar shari'a kyauta, ki ji matsayinki, hankalinki ya kwanta. Ke kuma mai rubutu, tunda kin ji komai, me zai hana matan coci su riƙa yin addu'arsu ta tsakiyar mako a ɗakinta?

Ouma, shekara da shekaru kina zaune kina jiran a ƙwanƙwasa miki. Gobe da safe ki dafa shayin da kanki, ki sa takalmi, ki hau zuwa babban gida ki ƙwanƙwasa tata ƙofar.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa albarka a amfanin bana.

Anti Dolfina