Jar Ƙasar Kamieskroon

Robertson, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Yayata Ronel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Dirk da jikoki, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da kika ce sanyin Perth ya tayar. Mu nan da sauƙi. 'Yata Annelie ta sami ƙarin girma a makaranta, ɗanta kuma ya fara tafiya, ba abin da yake bari a kan tebur. Kin yi ta tambayar yadda tafiyarmu ta kallon furanni ta kasance, ni kuma na yi ta yi miki kewaye-kewaye a waya. Yau dai zan faɗa, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kin san maigidana Wynand da motar nan tasa mai gado da murhu, wadda yake kira Kunkuru. Tun da ya ajiye aikin jirgin ƙasa, ya fi wanke ta a kan ya wanke ƙafarsa, kuma ko sitiyarin bai taɓa bari na taɓa ba. Bana ma mun ɗauki hanyar Namaqualand, yankin furannin daji, abokinsa Gawie da matarsa Lettie suna biye da mu a tasu motar. Yanzu da nake tunawa, alamu sun yi ta bayyana, ni ce ban kula ba. A kowane gidan abinci muka zauna, sai ya ture takardar jerin abinci ya ce a kawo masa irin nawa. Mutumin da bai taɓa yarda ganye abinci ne ba, sai ga shi yana cin salak a Clanwilliam yana yamutsa fuska. Lettie ta ce, "Lallai tsufa ya yi rana, Hermien, kin samu zaki ya zama zomo!" Muka yi ta dariya har da shi. A hanya kuma tafiyar hawainiya yake yi, manyan motoci suna ta danna mana ƙaho. Da na yi magana sai ya ce wanda ya yi ritaya ba shi da wanda zai yi wa sauri.

Kin tuna filin nan na bayan Kamieskroon, inda muka kai ki kafin ki ƙaura, wanda furanni masu launin ruwan lemo ke rufewa har gindin duwatsu? Bana ruwa ya tsallake wajen. Mun isa da hantsi, rana ta fito sarai, muka fito daga mota muka juya mata baya kamar yadda ake yi, tunda shi fure rana yake fuskanta. Ba ko ɗaya, Yaya. Jar ƙasa ce zalla da busassun ƙirare. Na buɗe baki zan ce mun yi asarar mai ke nan, sai na ji Wynand ya ja dogon numfashi ya kama hannuna. Ya ce, "Kai, Hermien, dubi ikon Allah. Bana sun fi na bara cika." Gawie ya fashe da dariya ya ce, "Tsohon banza, me ka zuba a kofinka da safen nan? Ni ma a ɗan sam min!" Ni ban yi dariya ba, don na ga fuskarsa. Ba wasa yake yi ba. Jan ƙasar ya gani dishi-dishi, sauran kuma ya cike da abin da ya sani. Da ya ji dariyar Gawie sai ya ce ai tsokanarmu yake yi.

Ban ce masa komai ba sai da muka gangara bakin teku, Hondeklipbaai, muka zauna cin abincin rana mu biyu a wata rumfa da ake gasa kifi. Sun rubuta abincinsu da alli a babban allo, haruffa kamar tafin hannu. Na ce ya karanta min layin farko. Ya daɗe yana kallon wajen, sannan ya sunkuyar da kai. A nan ya gaya min likitan ido ya faɗa masa tun kafin bikin Ista cewa tsakiyar ganinsa ce take mutuwa, gefe-gefe kawai zai rage, kuma ya hana shi tuƙi. Fuskata ma, in ya dube ni kai tsaye, ba ya ganinta.

Yaya, na yi faɗa. Ban damu da mutanen teburin gefe ba. Na ce ashe raina da na 'ya'yan mutane ya ɗauka ya ɗora a kan titi saboda taurin kai, in da ya take yaron wani fa? Bai kare kansa ba. Ya ce ya san bai kyauta ba, so yake kawai ya kai ni sau ɗaya na ƙarshe da hannunsa, don ya san in ya faɗa, Kunkuru ba zai sake fita daga gida ba. Yarinyar da ke kawo abinci ta ajiye mana kifi da burodin garwashi, ta ce, "Baba, a ci da zafi." Ya yi mata godiya, ya laluba aljihu ya fito da makullin motar, ya turo min ta kan tebur. Bai daidaita ba ma, sai gefen farantina ya bi ya faɗi ƙasa, ni na sunkuya na ɗauka. Kifin nan ba wanda ya taɓa shi a cikinmu.

Ni na tuƙo mu gida, Gawie a gaba yana ja mana hanya. Wynand yana kujerata, taswira a cinyarsa, yana gaya min inda zan sauya giya da jin ƙarar inji kawai. Kusa da Nuwerus muka tarar da furanni na gaske, fal gefen titi. Na rage gudu, na rasa ko in faɗa masa ko in yi shiru. Ya ji na rage, ya tambaye ni ko akwai. Na ce akwai. Ya ce, "To, ki kalla mana." Na tsaya na kalla, amma hawaye bai bar ni na ga abin kirki ba, kuma ban gaya masa haka ba.

Har yanzu ina jin haushinsa, kuma tausayinsa yana neman kashe ni. Annelie ta ce a sayar da motar, na ce ta bari tukuna. Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe min da Dirk, da ɗanku Pieter-Jan da matarsa, da ƙaramarku Mia. Lettie tana gaishe ki. Wynand ma ya ce in gaishe ki, ya tambaya me nake rubutawa haka da tsawo, na ce labarin furanni ne.

Taki ƙanwa,
Hermien