Motar da Ba Ki Taɓa Shiga Ba

Mama,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai jikarki Talatu ta karanta miki, kina tsayar da ita kowane layi kina tambaya. Duk da haka zan rubuta, domin akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar da muka binne ki.

Gida lafiya. Matata Rifkatu ta buɗe ɗan shagon ɗinki a nan Unguwar Boro, ta bar zuwa kasuwa. Ishaku ya shiga sakandare, murya ta buɗe, ba ya son a aike shi. Auta Dauda har yanzu in mun wuce Nasarawa sai ya nuna layinku. Ɗakinki wani bakanike ne ya kama, ya ce sai da ya yi wata yana jin ƙamshin daddawa a bango. Bikin Kirsimeti ya matso, yara sun fara zancen tafiya ƙauye, ni kuwa duk sanda suka tayar da zancen sai in tuna da maganar nan.

Kin tuna shekarar da soja suka miƙa mulki? A shekarar ce na samu aiki a ofishin sabon shugaban ƙaramar hukuma, kafin shekara ta ƙare na sayi mota 'yar Kwatano. Ranar da na kawo miki ita sai da kika zagaya ta sau biyu, kika ɗora hannu a kanta kika yi addu'a. Ke da kika yi shekaru kina soya ƙosai a ƙofar masaƙa a Kakuri don in yi karatu, kowace Kirsimeti kina zuwa gida a bayan a-kori-kura, a kan buhunan mutane. Kin san al'adar garinmu. In ɗa ya yi mota, uwarsa ce a gaba ranar shiga gari, gilashi a sauke, mata su fito da guɗa. Kika aika wa ƙawarki Mama Saratu saƙo cewa bana ɗanki ne zai kawo ki.

Ni kuma wani abu ne daban a kaina. Na ji abokan aiki suna zancen hutu irin na masu kuɗi, na ce ni ma 'ya'yana za su ɗana. Za mu tsaya a Kaciya mu sha lemo mai sanyi, mu ratse mu kalli ruwan Matsirga, mu ɗauki hoto. Na sayi ƙatuwar kula na cika ta da lemo da ƙanƙara, na girke ta a kujerar baya tsakanin yara.

Da safe muka biyo Nasarawa. Na tarar da ke a ƙofar gida, kin ɗaura sabon zani, kina zaune a kan jakarki. Ga kwandon daddawa, ga bandar kifi, ga zakara an ɗaure masa ƙafa. Na kalli kayan, na kalli kujerun motata da ko ledarsu ban cire ba. Mama, ƙyamar warin kayanki na ji. Shi ke nan gaskiyar, ba wata. Na ce miki babu wuri, tayoyi ba su da ƙarfi, 'yan sanda sun yi yawa a hanya, ki biyo motar haya gobe. Daga baya na riƙa gaya wa kaina Rifkatu ce ta so haka. Ƙarya ne. Tun daga Sabon Tasha har Kujama fuskarta na waje, ta ƙi kallona.

A ƙofar gidan kuwa, kin leƙa ta tagar motar. Kin ga kular. Na ga kin gan ta. Kika ce gaskiya ne, yara na bukatar sakewa, tafiyar da nisa. Kika miƙa musu ƙosan da kika soya domin hanya, kika ce wa Dauda kada ya fitar da hannu waje. Me ya sa ba ki zage ni ba? Da kin ɗaga murya ko sau ɗaya, da na sauke kular nan a ƙofar gidan.

Mun sha lemon. Mun ga ruwan. Hoton yana nan a falo, kowa na dariya, har ni.

Da muka shiga gari mata suka fito da guɗa, Mama Saratu a gaba tana rawa. Ta leƙa gaba ta ga Rifkatu, ta leƙa baya ta ga yara da kula. Guɗar ta mutu a bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce wani aiki ne ya riƙe ki. Washegari da yamma kika sauka daga a-kori-kura, zanin ya yamutse, zakaran a hammata. Ina tsaye kika gaya wa matan cewa na yi ta roƙonki ki shiga, ke ce kika ƙi, domin warin fetur na ƙaramar mota yana tayar miki da zuciya. Suka yi ta yi miki tsiya, wai an haifi mai mota an rasa mai shiga. Kika taya su dariya. Ni ma na yi dariya, Mama. Wannan dariyar ce ta fi komai ba ni kunya.

Tun daga ranar ba ki taɓa shiga motar ba. Shekara ta zagayo na zo da kaina na buɗe miki ƙofar gaba, kika ce ai na san lalurarki. Zuwa coci, zuwa biki, har zuwa asibiti da ciwon ya kama ki, sai dai bas ko acaɓa. Na ɗauka horo kike yi mini. Har fushi na yi, na ce wa Rifkatu tsohuwar nan akwai riƙo. Kin ga tabarmar kunya da hauka na naɗe ta.

Bayan jana'iza Mama Saratu ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ita kaɗai kika gaya wa. Kin ce in kika shiga motar ko sau ɗaya aka gan ki lafiya lau, gari zai gane maganar fetur ƙarya ce, daga nan kuma za su tambayi abin da ya hana ki shiga a karon farko. Kin ce gara ki ƙare ranki a bayan a-kori-kura da a ce ɗanki ya bar uwarsa a ƙofar gida. Ba ta zage ni ba ita ma. Ta ce dai ya kamata in sani.

Ashe duk lokacin da nake cewa kina da riƙo, sunana kike tsarewa? Ashe ranar da kika hau acaɓa zuwa asibiti, kina riƙe da ciki, ni kike rufa wa asiri?

Jikokinki har gobe sun yarda kakarsu ba ta son ƙaramar mota. Jiya ma Ishaku ya ba abokinsa labarin yana dariya. Bana kafin mu tashi zan zaunar da su ukun in gaya musu abin da ubansu ya yi. Na san ba za ki so ba, kin sha wuya kina ɓoye shi. Ki yi haƙuri, wannan karon ba zan bi maganarki ba. Ba zan bari su girma suna yi miki dariya a kan laifina ba.

Ki gafarta mini, Mama. Ki huta lafiya a wurin Ubangiji, sai mun zo.

Ni ne ɗanki da ya ce babu wuri,
Bitrus